Wane fawa-fak ya dace da kwamfutar rumbu a gida?

Ƙanena mai ɗaukar bidiyo ne. Auren Zango, suna, walimar sauka, tafsirin azumi, duk inda aka taru daga Aboabo zuwa Asawase a nan Kumasi za ka hango shi da kyamara a kafaɗa. Aikin shekara goma ya taru masa a ƙananan fayafayai na aljihu, wasu a durowa, wasu a jakar leda, ɗaya ma ya daina amsawa. Bana ya ƙudura haɗa kwamfuta guda da za ta zama rumbun gidan: ba a kashe ta dare da rana, manyan fayafayai shida a cikinta, tana riƙe masa aikinsa, da yamma kuma yara su zauna gaban talabijin su kalli abin da ke ciki ta manhajar Jellyfin. Ya zaɓi furosesa Intel i3-12100, ya sayi madabod da fayafayan, ya tattara komai. Wata Asabar sai ga kiransa daga Adum, cibiyar kasuwancin garin.

"Yaya, fawa-fak kaɗai ya rage. Mai shago ya ajiye mini biyu. Ɗaya an rubuta wat 500, kusan kyauta zai ba ni idan na ɗauki akwatin kwamfutar a wurinsa. Ɗayan wat 850 ne, na masu wasan gem. Wanne zan ɗauka?"

Na ce masa kada ya taɓa ko ɗaya, ya hau mota ya zo gida mu zauna da biro da takarda.

Fawa-fak shi ne akwatin ƙarfen nan mai fanka da ke bayan kwamfuta, wanda yake karɓar wutar bango, bolt 230 a nan Ghana, ya sassauta ta zuwa bolt 12 da 5 da 3.3 ya raba wa kayan ciki. Duk abin da ke cikin kwamfutar daga hannunsa yake sha. Shi ya sa idan ya lalace da mugun hali ba ya tafiya shi kaɗai. Na ga wannan da idona a 2015, lokacin da dumso, wato yawan ɗauke wuta, ya kai maƙura. Wuta ta dawo da tsakar dare, na ji ƙas, ɗaki ya ɗauki ƙaurin ƙonannen roba. Fawa-fak marar suna da ya zo tare da akwatin kwamfutata ya mutu, ya tafi da fayafayai biyu. A ɗayansu akwai muryar marigayi mahaifinmu yana karatu bayan asuba, kuma babu kwafinta a ko'ina. Tun daga ranar ba na ɗaukar wannan akwati a matsayin kayan da ake saya da canjin da ya rage.

Abin da na fara nuna wa ƙanena shi ne, rumbu yana da lokaci biyu da suke gwada fawa-fak, kuma lambar da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali ba ta magana a kan ko ɗaya. Na farko daƙiƙu kaɗan ne, lokacin da aka kunna inji dukan fayafayan suka yunƙura tare. Na biyu kuwa sauran rayuwar injin ne baki ɗaya, yana zaune shiru yana jiran wani ya nemi fayil.

Mu fara da yunƙurin. Babban faifai mai inci 3.5, irin su WD Red Plus ko Seagate IronWolf, yana jan kusan amfiya 2 a layin bolt 12 kafin farantansa su kama gudu, wato wajen wat 24. Shida sun ba ka wat 144. Ka ƙara musu wajen 25 na layin bolt 5 da ke ciyar da allunansu. Furosesan nan, ko an matse shi iyakar matsa, Intel ta rubuta masa wat 89. Madabod da ram da fankoki da ƙaramin SSD, ba su 30. Duka-duka ba ka kai 300 ba, kuma wannan lissafin rana mafi muni ne. Da faifai goma ne da katin ƙarin layukan SATA, wato mahaɗar da ake jona faifai da ita, da sai ka haura 400 kaɗan. To ina 850 ya shigo?

Bayan daƙiƙun nan komai yana lafawa. Faifan da ke juyi babu aiki yana shan wat 4 zuwa 6, idan ya yi barci kuwa wajen wat ɗaya ko ƙasa da haka. Injin ƙanena zai wuni ya kwana tsakanin wat 25 da 50. Ko fim ake kallo, sashen Quick Sync da ke cikin furosesan Intel ne yake sarrafa bidiyon, ba ya ƙara wani abin a zo a gani. A nan ne kuɗin mita yake tafiya, domin awa 8,760 ne a shekara. Ɗauki injin da kayan cikinsa ke bukatar wat 30. Idan fawa-fak ɗin yana isar da kashi 70 cikin ɗari na abin da ya ja, daga bango wat 43 zai sha. Idan kashi 88 yake isarwa, wat 34 ne. Tazarar wat 9 ɗin nan a shekara ta kusa yunit 80. Ka ninka da abin da mitarka ta ECG, kamfanin wutar lantarkinmu, ke cira a kowane yunit, sannan ka tuna wutar da ta ɓace ba iska ta bi ba, zafi ta zama a cikin ɗakinka.

Yanzu ga zaɓuɓɓukan da suke gabansa, har da waɗanda mai shagon bai ambata ba.

Na kyautar nan ban ɓata lokaci a kansa ba, amma ya kamata a san dalili. Na ce ya ɗauko hoton takardar da ke manne a gefensa. A saman an buga 500 da manyan lambobi, amma a layin bolt 12 an rubuta amfiya 14. Sha huɗu sau sha biyu, wat 168 ke nan. Fayafayan kaɗai za su cinye 144 a yunƙurin farko, furosesa kuma daga wannan layin yake sha. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Irin waɗannan idan ka ɗaga su sai ka ji kamar gwangwanin madara da aka juye, saboda an rage duk abin da ake iya ragewa a ciki, kuma abin da ake fara yarwa shi ne masu tsaro: da'irorin da ke yanke wuta idan bolt ya haura, ko ya faɗi, ko waya ta haɗe, ko zafi ya yi yawa. A kwalin na kirki za ka ga an jera su da haruffa, OVP, UVP, OCP, OPP, SCP, OTP. Wanda ya fi damuna a rumbu shi ne OVP, mai hana bolt ya haura, domin rashinsa ne yake barin wuta ta wuce kai tsaye ta soya allon faifai.

Na wat 850 ɗin kuwa ba mugun kaya ba ne, ba don wannan aiki aka ƙera shi ba. An yi shi don katin hoto mai cin wat ɗari uku ko fiye. Tambarin 80 Plus da ke jikinsa, wanda aka fara bayarwa tun 2004, ana auna shi ne a lodi kashi 20, 50 da 100 cikin ɗari. Matakin Gold a gwajin bolt 115 yana nufin isar da kashi 87, 90 da 87 na wutar da ya ja. Bronze kuwa 82, 85 da 82. A na kwamfutocin gida, Titanium ne kaɗai aka gindaya wa sharaɗi a kashi 10. To kashi 20 na 850 wat 170 ne, wurin da rumbun ƙanena ba zai taɓa zama ba. Shi a wat 40 zai rayu, ƙasa da kashi 5 cikin ɗari, inda tambarin bai yi maka alkawarin komai ba, kuma nan ne ingancin fawa-fak yake gangarowa, saboda shi kansa yana da abin da yake ci ko ba ya ciyar da kowa. Wannan wat 40 ɗin a kan na 450 ya kusa kashi 9, a kan na 550 ya haura 7, ya fi kusa da inda injin ke sakin jiki. Ka biya kuɗin ƙarfin da ba za ka taɓa ba, sannan ka riƙa biyan kuɗin riƙe shi kowane wata.

Sai dai akwai gaskiyar da ba zan ɓoye ba. Sababbin ƙa'idojin Intel, har da ATX 3.0 ta 2022, sun sanya sharaɗin inganci a ɗan ƙaramin lodi, wajen kashi 2 cikin ɗari. Saboda haka sabon ƙira mai wat 650 yana iya kayar da tsohon ƙira mai 450 a wat 30. Ga shi kuma kamfanoni sun rage yin ƙanana masu kyau, kasuwa ta karkata ga masu gem. Idan ka zaga Adum, ka tambayi na Akra a Tip Toe Lane, abin da ya samu mai nagarta 650 ne, ka ɗauka ba tare da damuwa ba. Hanyar rabe gardama ita ce rahoton Cybenetics, wani kamfanin gwajin fawa-fak. Su suna auna fawa-fak a wat 20, 40, 60 da 80, suna kuma yi a bolt 230 irin namu, sannan suna auna ƙararsa. Ka buga sunan samfurin a waya, ka dubi waɗannan layuka huɗu, sun fi maka tambarin zinariya amfani. Tambarin ma kansa ana manna na jabu. Masu 80 Plus suna da jerin samfuran da suka gwada a intanet, wanda babu sunansa a can ka ajiye shi.

Wanda na tsaya a kai shi ne na tsakiya: girman ATX na yau da kullum, wat 450 zuwa 550, Gold, daga kamfanin da aka sani. Seasonic Focus GX-550, Corsair RM550x, be quiet! Pure Power 12 M mai 550, irin wannan sahu nake nufi. Focus GX da jerin RMx suna zuwa da garantin shekara 10. Ba na yaudarar kaina cewa mutum zai tura fawa-fak daga Kumasi zuwa ƙasar waje ya jira canji. Kuɗin aiken zai cinye ribar. Amma kamfanin da ya yarda ya ɗaure kansa shekara goma ya san abin da ya zuba a ciki. Garantin da zai yi maka aiki a nan shi ne wanda mai shago ya rubuta a rasit da hannunsa, don haka ka nema kafin ka ƙirga kuɗi.

Abin da ya raba wannan sahu da masu araha, ban da tsaro, shi ne yadda suke samar da ƙananan layukan. Tsohuwar ƙira tana ɗaure bolt 12 da bolt 5 da igiya ɗaya, idan aka ja ɗaya da ƙarfi ɗayan ya karkace. Sabuwar, wadda ake rubuta wa DC-DC a kwali, tana fitar da bolt 12 tsaf sannan ta yanko 5 da 3.3 daga jikinsa, kowanne da mai kula da shi. Faifai yana shan layi biyu a lokaci guda, 12 don injin juyi, 5 don allo, kuma ƙa'ida ta ba kowanne rangwamen wajen kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa. Layin da ke rawa yana sa faifai ya ɓace daga tsarin ya sake dawowa, mai shi ya yi ta zargin faifan alhali ba shi da laifi. Idan aljihu bai kai Gold ba, Bronze mai DC-DC daga sanannen kamfani ya fi Gold marar asali nesa ba kusa ba. Bambancin Gold da Platinum kuwa a wat 40 bai wuce wat ɗaya ko biyu ba, ban ga ranar da zai mayar da kuɗinsa ba.

Wurin da na fi daɗewa da ƙanena shi ne wayoyi, saboda nan ne masu haɗa rumbu suka fi ƙonewa, kuma ba wanda yake duba shi a shago. Ka ƙirga bakunan SATA kafin ka saya. Faifai shida da SSD ɗaya baki bakwai ne, kuma an fi so su rabu a kan igiya biyu ko uku, kada igiya ɗaya ta ɗauki fiye da huɗu. Bakin SATA guda an yi shi ya ɗauki amfiya 4.5 a kowane layi, allura uku kowacce 1.5. Wanda ya sayo marabar nan mai baki ɗaya ta haifi huɗu, ya rataya mata manyan fayafayai huɗu, ya tura amfiya 8 ta ƙofar da aka yi wa huɗu da rabi duk lokacin da wuta ta dawo. A garin da ake ɗauke wuta, wannan ba sau ɗaya a shekara ba ne. Idan dole sai an ƙara baki, a ɗauko daga Molex, tsohon filogin nan mai allura huɗu masu kauri. A nan ma akwai tarko: adaftar da aka narka robarta a kan wayoyin ta zama dunƙule ɗaya ta yi suna wajen kamawa da wuta. A nemi wadda za ka ga wayoyin sun shiga an matse su ɗaya-ɗaya, mai murfin da ake iya ɓallewa.

Sai maganar fawa-fak mai wayoyin cirewa. Yana da daɗi, ka sa waɗanda kake bukata ka ajiye saura, iska ta samu hanya. Amma bakin da ke shiga jikin fawa-fak ɗin ba shi da tsari ɗaya tsakanin kamfanoni, wani lokaci ma tsakanin samfura biyu na kamfani ɗaya. Wayar wani za ta shige lafiya lau, ta kai bolt 12 inda ake jiran 5, fayafayan da ke kanta su mutu a ƙiftawar ido. Na ce wa ƙanena ya rubuta sunan samfurin a jikin jakar wayoyin da suka rage, kuma ko a mafarki kada ya ari ta wani. Wannan ne ma ya sa nake ɗari-ɗari da na hannu, waɗanda muke ce wa hom yus. Sau da yawa sukan iso babu cikakkun wayoyinsu, mai sayarwa ya cike da abin da ya tarar a kwali. Ga shekarun da ba ka sani ba. Wasu sun yi aikin haƙar kirifto dare da rana kafin Ethereum ya daina wannan tsari a Satumban 2022. Gwajin da ake yi a gaban shago, a haɗa koriyar waya da baƙa fanka ta juya, yana nuna yana da rai ne kawai. Ko mita ta nuna maka tsakanin 11.4 da 12.6, ba ta faɗa maka yadda zai yi ba idan fayafayai shida suka taso masa. Madabod ko ram na hannu zan saya maka ba fargaba, wannan dai sabo. Kuma kada son gani ya sa ka kwance shi, babbar kafasitar ciki tana riƙe kusan bolt 400 bayan an zare filogi.

Wani ƙaramin abu da ke ruɗa mutane: idan ka fasa faifan waje ka ciro na cikinsa, ko ka samo na manyan kamfanoni, wani ba zai juya ba sam. Ba mutuwa ya yi ba. Akwai tsarin da ake amfani da allura ta uku ta bakin SATA wajen kashe faifai, fawa-fak ɗin da ke tura bolt 3.3 ta nan yana ce masa ya kwanta ke nan. Ɗan salatif a kan allurar, ko adaftar Molex wadda ba ta ɗauke da 3.3, yana warware matsalar.

Ƙaramin fawa-fak na SFX akwati ne yake tilasta shi, ba zaɓi ba ne na kansa. Jonsbo N2 mai faifai biyar da N3 mai takwas SFX suke karɓa. Fractal Design Node 304 yana ɗaukar faifai shida da ATX na kullum. SFX mai kyau, irin jerin SF na Corsair, ba shi da abin kushewa a aiki, amma ya fi tsada, wayoyinsa gajeru ne, bakunansa kaɗan, kuma samunsa a nan sai an yi oda. Akwatuna irin na Jonsbo sukan shayar da fayafayan ta allo guda mai karɓar Molex, to can Molex za ka ƙirga. Shawarata a zaɓi akwati da fawa-fak rana ɗaya. Ƙanena da ya ji haka ya haƙura da ƙaramin akwatin da ya gani a intanet, ya ɗauki dogo mai fili.

Akwai kuma picoPSU, ɗan allo kamar yatsa biyu da ake sokawa a madabod, a ciyar da shi da caja mai bolt 12 irin ta laftof. A ƙaramin lodi da wuya a kayar da shi, babu fanka, babu ƙara. Ga mai injin Intel N100 da SSD da faifai ɗaya ko biyu, abin so ne, kuma akwai nau'in da aka yi don mota wanda zai iya sha daga batir, abin da mai sola zai yi sha'awa. Amma a nau'in da aka fi sani, bolt 12 na cajar yana wucewa ne kai tsaye zuwa faifan, don haka lafiyar faifanka tana hannun cajar da ka saya. Faifai shida sun fi ƙarfinsa. Haka tsofaffin kwamfutocin ofis na Dell OptiPlex da HP da suka cika kasuwanninmu: ba su cin wuta, sun dace da mai fara rumbu da faifai ɗaya ko biyu, amma da yawansu fawa-fak ɗinsu da filoginsu na kamfanin ne kaɗai, ƙarfinsa bai cika wuce wat ɗari biyu da wani abu ba, wutar faifai kuma ta madabod take bi. Ranar da ka so faifai na huɗu, hanya ta ƙare.

Manyan injinan kamfanoni masu fawa-fak biyu, waɗanda ake zarewa ana mayarwa inji na aiki, suna burge matasa. Ƙananan fankokinsu masu milimita 40 suna kuka kamar injin niƙa, ba a kwana ɗaki ɗaya da su. Kuma biyun da aka soka a bango ɗaya tare suke mutuwa idan an ɗauke wuta.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya sa na hana shi na 850 tun farko: kuɗin da ya rage UPS za su saya, wato akwatin batir da ke riƙe inji idan an ɗauke wuta. Fawa-fak mai kyau yana iya riƙe inji wajen kashi 16 ko 17 cikin dubu na daƙiƙa bayan wuta ta yanke, daidai abin da UPS ke bukata ya karɓi ragama. Bayan nan ba shi da abin yi. Rumbun da wuta ta yanke masa yana tsakar rubutu yana iya ɓata fayil, kuma yawan faɗuwa da tashi yana gajiyar da fayafayai. A nemi UPS mai bakin USB, domin manhajojin tafiyar da rumbu irin TrueNAS da Unraid da OpenMediaVault duk suna iya jin saƙonsa su kashe injin cikin natsuwa kafin batir ya ƙare. A lura lambar VA ba wat ba ce. Mai 650VA yakan tsaya wajen wat 360 zuwa 390. Fawa-fak na zamani mai Active PFC, da'irar da ke daidaita yadda yake jan wuta daga bango, ya fi jituwa da UPS mai fitar da wuta santsi, wadda ake rubuta wa pure sine wave. Da mai araha mai wutar tsani-tsani wasu suna aiki, wasu suna ƙugi ko su mutu daidai lokacin sauyi. Ka gwada da kanka ranar farko: inji na aiki, ka kashe makunnin bango ka gani. Batirin UPS kuma zafinmu yana cinye shi, ka sa a ranka za ka canza shi bayan shekara biyu ko uku.

Active PFC ɗin nan yana da wani alheri gare mu. Mafi yawan masu shi suna karɓar bolt 100 zuwa 240, don haka da magariba, lokacin da kowane ɗaki a gidan haya ya kunna kayansa ƙwan fitila ya dushe, shi bai san ana yi ba. A duba takardar gefe, wasu masu araha 200 zuwa 240 kawai suke ɗauka. Idan kuma ɗan'uwa ya aiko maka da tsohon fawa-fak daga Amurka mai jan makunni a baya, ka tabbata yana kan 230 kafin ka soka; a kan 115 fashewa zai yi nan take. Sannan a kira mai gyaran wuta ya duba wayar ƙasa ta soket ɗin. Tsofaffin gidajenmu da yawa ramin na ukun ado ne kawai. Idan kana taɓa jikin kwamfuta kana jin tana ɗan cizonka, alamar ke nan, kuma abin kare tsawa da ka saya ba zai yi cikakken aiki ba sai da ita. Damina a Kumasi ba ta wasa da tsawa.

Zafi da ƙura su ne na ƙarshe da muka tattauna. A watan Fabrairu da Maris ɗakin da ke ƙarƙashin kwano yana wuce digiri 30 da rana ba tare da wahala ba. Kafasita ita ce ke fara tsufa a fawa-fak, kuma ƙa'idar da masu ƙira ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba kwananta biyu. Saboda haka a nemi mai kafasitocin digiri 105, wanda aka rubuta yana ba da cikakken ƙarfinsa a digiri 40 ko 50. Da yawa daga na tsakiyar nan fankarsu ba ta juyi sai lodi ya yi nauyi. Ƙanena ya tsorata da wannan, yana ganin zai dahu. Na ce ya yi lissafi: a wat 40, zafin da Gold ke zubarwa bai wuce wat 5 zuwa 7 ba, jikin ƙarfen ya ishe shi. Fankar da ke tsaye kuma ba ta zuƙo ƙurar hunturu. Sharaɗin dai fawa-fak ɗin ya kasance a ƙasan akwati, ba yana shaƙar zafin fayafayai ba. Idan akwatin matsattse ne kuma akwai maɓallin da ke sa fankar juyi kullum, a danna shi. A ɗaga injin daga ƙasa a ɗora kan benci, a wanke ragar ƙura duk wata daga Disamba zuwa Fabrairu.

Mako biyu ya jira kafin na 550 ɗin ya iso daga Akra. Mun haɗa shi bayan la'asar, faifai uku a igiya ɗaya, uku a ɗayar, SSD a ta uku. Ya sa 'yar mitar soket ya auna: wat 47 fayafayan na juyi, 26 bayan sun yi barci. Daren Laraba aka ɗauke wuta, UPS ya yi ƙara, bayan minti biyar injin ya kashe kansa kamar yadda muka saita.

Da safe ya kira ni. "Yaya, komai na nan, ko fayil ɗaya bai taɓu ba. Yanzu ai sai in goge ƙananan fayafayan nan in sayar."

Na ce a'a. Fayafayai shidan nan duk daga hannu ɗaya suke sha, kuma ɗaki ɗaya suke kwana. Mun ware babban faifai guda na waje, duk ƙarshen wata yana kwafe sababbin ayyuka a kai, ya naɗe shi a tsumma ya kai ɗakin Inna a Asawase, ta sa masa a cikin adakarta.